Dan Allah ya zan koya wa ƴan aji biyu kare kansu ba tare da an ce na buɗe musu ido ba?

Malamar Aji Biyu:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana amma abin ne ya tsaya min a rai, tun Alhamis ɗin wancan satin bana iya bacci sosai. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati nan cikin gari ta wajen Gwale, shekarata 11 ina koyarwa, bana aji biyu aka bani. Yara 94 ne a rajistata, ranar da suka zo duka wasu a ƙasa suke zama har gindin allo, in zan yi rubutu sai nayi ta cewa ku matsa ku matsa kar na taka hannun wani. Kiran suna kaɗai ya isa ya cinye rabin firiyod, kafin ki gama wannan yace Malama an ɗauke min fensir, wancan yace zan je fitsari, wata tana kuka an zubar mata da kunu a hijabi. Amma wlh ina son yaran nan, in na shigo da safe suka miƙe suka ja gaisuwar nan tasu da ƙarfi duk gajiyar da na taho da ita daga gida sai naji ta sauka.

To ranar Alhamis ɗin an buga ƙararrawar tashi, kun san yadda bakin get yake zama a lokacin, yara ta ko'ina, masu sahu, masu rake da ƙanƙara, mai gadinmu kuma dattijo ne shi kaɗai. Sai wani mutum a kan babur, da kaftaninsa tsaf da hula, ba wanda zaki gani ki zarga ba, ya kira wata yarinya ƴar ajina da sunanta yace Ummanki ce tace na taho da ke, an tafi asibiti. Yarinyar nan shekararta 7, ko tambaya ɗaya bata yi ba ta nufe shi har ta ɗaga ƙafa zata hau. Allah ya taimaka matar da take suyar awara a bakin get ƴar layinsu ce, ita ce ta daka mata tsawa tace ke zo nan, malam kai waye a gidan nasu? Sai yace au ashe ba ita bace, ya ja babur ɗinsa yayi gaba. Ni na riƙe hannunta na kaita har gida, na tarar da uwar tana wanki a tsakar gida, bata aiki kowa ba, babu wanda aka kai asibiti.

Washegari Juma'a na tambayi ajin, nace wa zai bi mutum in yazo yace babanka ne ya aiko ni? Ƴan uwa kusan duk ajin suka ɗaga hannu, har suna rige-rige wai su sun san amsa. Jikina yayi sanyi.

Ranar Litinin sai na ajiye lissafi nayi musu magana, nace kar ku bi wanda baku sani ba, kar ku karɓi alawa ko kuɗi, na ƙara da cewa duk inda wando da riga suka rufe a jikinku ba wanda ya isa ya taɓa, in an taɓa ku faɗa min ko ku faɗa wa Umma. Iyakar abin da na faɗa kenan Allah shi ne shaida. Talata da safe sai ga wani uba a ofis ɗin hedimasta yana faɗa, wai ƴarsa taje gida tana maganar taɓa jiki, wai karatu ya kawo ta ba a buɗe mata ido ba. Hedimasta ya bashi haƙuri, ni kuma yace na tsaya a kan abin da aka bani na koyar.

Shi ne nace bari na tambaya a nan, malamai da iyaye, ya kuke yi? Wace kalma zan yi amfani da ita da yaro ɗan shekara 7 zai gane kuma uba bazai ji haushi ba? Don ni dai gaskiya bazan iya yin shiru ba bayan abin da na gani da idona.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ƴata. Da farko ki koma wajen mai awarar nan ki yi mata godiya ta musamman, ki kuma sa a sanar da mai unguwa da ofishin ƴan sanda mafi kusa siffar mutumin nan da babur ɗinsa, domin wanda ya gwada a makarantarku gobe wata makarantar zai je.

Na yi shekara 35 a aikin nan, daga malamin aji har na riƙe makarantu uku kafin na yi ritaya, kuma ina gaya miki yaran da suka ɗaga hannu ba su yi laifi ba, tarbiyyar da muka ba su ce suka nuna miki. Mu ne muka ce in babba ya kira ka ka amsa, in ya aike ka ka tafi da gudu, in yana magana ka sunkuyar da kai, kar ka kuskura ka ce masa don me. A da wannan tarbiyyar tana da katanga. Unguwa ƙarama ce, kowa ya san ɗan kowa, baƙo in ya shigo lungu kafin ya wuce ƙofa ta uku wani dattijo a dakali ya tambaye shi gidan wa yake nema. Yanzu gari ya tumbatsa, mutum yana haya shekara biyu bai san sunan maƙwabcinsa ba, katangar ta zube an bar yaro da biyayyar kawai.

Sannan ki gyara abu ɗaya a darasinki. Kin ce kar su bi wanda ba su sani ba. Wannan rabin magana ce. Duk mutumin Kano ya san abin da ya faru da marigayiya Hanifa, yarinya ƴar shekara 5, a watan Disambar 2021 aka ɗauke ta a adaidaita sahu tana dawowa daga Islamiyya, kuma ba baƙo ne ya ɗauke ta ba, mai makarantar bokon da take zuwa ne, wanda ta sani ta yarda da shi. A watan Yulin 2022 babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa. Da an ce mata kar ki bi baƙo, ai ba ta karya dokar ba. Abin da za ki koya musu shi ne, ko wa ya zo, ko kawu ne ko malami ne ko ni ne, ba ka zuwa ko'ina sai wanda yake kula da kai a lokacin ya sani. A makaranta malamar aji, a gida Umma.

Game da uban da ya zo kuwa, kin yi gaggawa ne kawai, kin fara da yara kafin iyaye. Uba in ya ji magana irin wannan daga bakin ƴarsa dole gabansa ya faɗi, amma in shi aka fara zaunarwa aka gaya masa wani ya zo da babur zai ɗauki ƴar ajin ƴarka, shi zai roƙe ki ki koyar. Ki lallaɓa hedimastanku a kira taron PTA, wato na iyaye da malamai, a haɗa da ƴan kwamitin kula da makaranta na SBMC, don a cikinsu akwai mai unguwa da liman da wakiliyar mata. Ki bar mai awarar ta ba da labarin da bakinta. Abin da liman ya sa wa albarka a gaban iyaye ba uban da zai dawo ya buga tebur a kansa. Kuma shi hedimastan da ya ce ki tsaya a abin da aka ba ki, ki tuna masa cikin ladabi cewa darasin tsaro yana cikin manhajar firamare tun wadda aka fara aiki da ita a 2014. Laifinmu malamai sai mu rubuta ma'anar tsaro da Turanci a allo, yaron da bai iya karanta sunansa ba ya kwafa ya haddace don jarrabawa, a tashi ba abin da ya shiga kansa.

Gobe ki gwada wannan, ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya ya sunan babanka. Za ki ji da yawa sun ce Abba, ko Baba, ko Alhaji. Ni na sha kai yaran da suka ɓata gidan mai unguwa da gidan rediyo a yi cigiya, yaro ya yi wayo amma bai san sunan ubansa na yanka ba saboda alkunya ba a faɗa a gida. Su san sunan uba, sunan unguwa, masallaci ko wata alama da ke kusa da gida, da lambar waya ɗaya. Lamba 11 ce fa kawai, yaron da ya haddace izu biyu a Islamiyya ba za ta gagare shi ba, ki sa su rera ta kamar yadda suke rera biyu sau biyu. Kuma a daina rubuta sunan yaro da manyan baƙi a bayan jaka, ina zargin nan mutumin ya ga sunan yarinyar.

Na san tsarin ilimi na ƙasa yara 35 ya ce ga malami ɗaya, ke kina da 94. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna fatan a ga ƙarin ajujuwa da malamai. Kafin nan minti 15 na tashi su ne mafi haɗari a yinin makaranta, kuma a lokacin ne malamai muke rige-rigen fita mu samu abin hawa. Ku raba kanku, kullum malamai biyu su tsaya a get har yaro na ƙarshe ya fita, ƴan layi ɗaya su tafi tare da babba ɗan aji shida a gaba.

Maman Biyu:

Malama wlh ina karanta rubutunki hawaye na zuba. Baba Hedimasta Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake amma akwai wanda ya rage kuma a kanmu iyaye mata yake, zan faɗa duk da ina jin nauyi.

Ƴata tana aji uku lokacin, kullum ita nake aika shagon bakin layi siyo magi da omo da sauransu. Kawai sai ta fara ƙin zuwa, in nace tashi kije sai ta tsaya tana murza ido tace Umma a aiki yaya. Ni kuma nace ƙiwa ce ta fara, na zage ta, rannan har na cire silifa na zane ta, ta tafi tana kuka ta siyo ta dawo. Sati kusan uku muna haka. Ranar wata Asabar ina mata kitso kanta yana kan cinyata bata kallona, sai naji tace Umma in na faɗa miki wani abu zaki dake ni? Nace a'a. Tace mai shagon nan in naje sai ya riƙe min hannu yace na shigo ciki na zaɓi alawa, yace kuma in na faɗa a gida zaki yanka ni. Allah ya tsare bai kai ga komai ba don bata taɓa yarda ta shiga ba, amma ku duba fa, yarinyata tana gudun wuta ni kuma ina tura ta da silifa. Har yau in na tuna sai naji kamar na tsaga ƙasa na shiga. Babanta da mai unguwa suka yi abin da ya kamata, mutumin ya bar unguwar.

Abin da nake so na faɗa shi ne Malama ko kin shekara kina cewa ku faɗa wa Umma, in dai Umma duka take yi in an faɗa mata to ba wanda zai faɗa. Mu kanmu mun san yadda muke, yaro ya dawo yace an min kaza, tambayar farko me ya kaika? Uban wa ya aike ka? Shi kuma mugu ya san haka, da tsoronmu yake rufe bakin yaro. Don haka a taron iyayen nan dan Allah ki roƙi mata su yi wa ƴaƴansu alƙawari ɗaya, duk abin da ka zo ka faɗa min da bakinka bazan dake ka a kansa ba ko da kai ne da laifi. Kuma su cika, don sau ɗaya kika saɓa shi kenan.

Ni yanzu dokar gidana, duk wanda yace kar ka faɗa wa Umma to wannan maganar ita ce ta farko da za a faɗa wa Umma. Kuma muna da wata kalma ni da su da babansu, duk wanda yazo ɗaukarsu in bai faɗe ta ba ko ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya basa binsa, ya taɓa zuwa suka ƙi har yayi fushi nace kayi haƙuri ni na sa su. Mu nan wajen Kawo da Yankaba da Dakata bamu manta 2019 ba, lokacin da ƴan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga unguwannin nan aka kai Anaca aka sayar, wasu har sun manta Hausa. Na ga iyayen da suke yawo da hoton ƴaƴansu shekara da shekaru, ba abin da zan so maƙiyina ya gani bane.

Baban Yara Sheka:

Malama ki yi haƙuri, ni fa na fahimci uban nan da ya je ofis, don nima da haka zan yi. Maganar kar a bi mutum da haddace lambar waya duk na yarda. Amma maganar jiki a gaban yara 94 maza da mata a haɗe, wani ya gane wani bai gane ba, a fita tara su mai da ita wasa, wanda bai san komai ba ya fara tambaya. Wannan aikin uwa ne a ɗaki. Na biyu ina tsoron mu je garin gyaran gira mu rasa ido, mu tashi yara marasa kunya, babba ya kira yaro ya ce ba zan zo ba, kawunsa ya ba shi kyautar sallah ya ce an hana mu karɓa. Ɗan maƙwabcina da yake wata makarantar kuɗi haka ya koma, ko gaisuwa ba ya yi wai an ce kar ya kula mutane. Ladabin nan shi ne ɗan abin da ya rage mana. Ina neman a fahimtar da ni in na yi kuskure.

Malamin Islamiyya:

Baban yara, Allah ya ƙara maka kishin iyali, tsoronka yana kan hanya, kuma na goyi bayanka a kan a raba maza da mata in za a yi wannan darasin, malama ta ɗauki mata malami ya ɗauki maza. Amma cewa maganar buɗe ido ce, a nan na saɓa maka. Mu a Islamiyya ƴan shekara 7 muke koya wa tsarki da abubuwan da suke warware alwala, muna ambaton gaba da baya, ba uban da ya taɓa zuwa ya ce mun lalata masa ɗa. Me ya sa? Saboda kalmar da muke amfani da ita iyaye sun san ta kuma suna girmama ta.

To Malama ga kalmar da kike nema, al'aura. Ba sai kin ƙirƙiro komai ba. Ki ce musu al'aurarka amana ce Allah ya ba ka, ba ka nuna wa kowa, ba ka kallon ta kowa, ba wanda yake taɓa taka, sai Umma in tana maka wanka ko likita Umma tana tsaye a wajen. Wanda ya ce ka nuna ko ya taɓa, shi ne ya yi laifi ba kai ba, ka ce a'a da ƙarfi, ka gudu inda mutane suke, ka faɗa. Yaro ya je gida ya ce yau an koya mana tsare al'aura, uban albarka zai sa miki.

Kuma addini ya riga mu. A Suratun Nur aya ta 58 an umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya, da bayan isha'i. Hadisi ya ce a umarci yara da sallah suna shekara 7, a raba musu makwanci suna shekara 10. An kuma ce a tsare yara a gida in almuru ta yi, amma ka zaga lungunanmu bayan magariba ka ga ƴan mata ƙanana da kwano ana aikensu siyo wake da shinkafa a duhu ba wuta. A kan ladabi kuwa, ai ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci. Yaro ya durƙusa ya gaida babba, ya karɓi kyautar kawu ya kai wa Umma ta gani, wannan ladabi ne. Ya bi babba cikin kango ko bayan shago don an ce kar ya yi musu, wannan ba ladabi ba ne, mun miƙa shi ne.

Kuma mu malamai kar mu cire kanmu. A makarantarmu mun kafa doka malami ba ya tsare ɗalibi shi kaɗai a aji bayan an tashi, ba ya aiken ɗaliba ɗakinsa kai littafi ko shara, ba ya rufe ƙofa. Mun faɗa wa yaran dokar a gabanmu don su san ko mu ne muka karya su kai ƙara. Wasu malaman sun ji haushi da farko wai ana zarginsu, na ce wannan kariya ce gare ku ku ma. Sannan a daina mantawa da yara maza, duk hankali yana kan mata alhali abin yana faruwa da maza, kuma su sun fi ɓoyewa.

Nas A Cikin Gari:

Malama tunda kin buɗe ƙofar nan ki shirya, wata rana wani yaro zai zo ya faɗa miki abin da ya fi ƙarfin alawa, to ki san me zaki yi tun yanzu. Kar kiyi salati da ƙarfi ki tara masa jama'a, kar ki kira sauran malamai kowa yazo yana tambaya, kar ki saka masa magana a baki. Ki saurara, kice na yarda da kai, ba laifinka bane, ki rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa da kwanan wata.

In an riga an taɓa yaro to asibiti kai tsaye. Abin da yake ƙona min rai a wajen aiki shi ne sai a kawo yarinya bayan sati, an mata wanka an gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa an wanke kayan, dangi sun gama zaman a rufa asiri sai da ciwo yaƙi ci yaƙi cinyewa. Dan Allah kar a wanke ta kar a wanke kayan. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kwana 3 kenan, in ya wuce an makara. Akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala, aikinsu kenan, kyauta suke dubawa da ba da shawara kuma suna riƙe sirri. Bayan nan ƴan sanda, akwai kuma NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane da Hisbah da hukumar kare haƙƙin ɗan adam. Jihar Kano tana da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023, ba alfarma kike roƙa ba.

A aji kuma ki sa ido a kan yaron da yake da surutu ya koma shiru, ko wanda ya fara fitsari a wando bayan da baya yi, ko mai zuwa da kuɗin da ya fi kuɗin tararsa, ko mai ƙin tafiya gida in an tashi. Ba lallai wani abu ne ya faru ba, wani yunwa ce wani rigimar gida ce, amma ya isa ki ja shi gefe ki tambaya a hankali.

Ɗan Sahu Kurna:

Malama ni yara 8 nake kaiwa makaranta kullum na ɗauko su, shekara huɗu kenan, wlh a cikin iyayen mutum biyu ne kawai suka san gidanmu, sauran lambata kawai garesu. Ku dinga sanin gidan mai sahunku, ku rubuta lambar hukumar kula da tituna ta KAROTA da take jikin mashin ɗin, kuma kuce in bazai zo ba kar ya turo wani sai ya kira ku. Nima bana turo yaron aikina sai na sanar.

Sannan a saka maganar titi a darasin dan Allah. Abinda nake gani a titin Katsina da safe Allah ne kawai yake tsarewa, yaro ya sauka ta ɓangaren titi, ko ya tsallaka da gudu ta gaban mota yana bin yayansa, ga gadar sama a kusa baza su hau ba. Ga masu ɗanewa bayan sahu da tifa. In damina tazo kuma kududdufi, an tashi daga makaranta sai a tuɓe yunifom a faɗa wanka, duk shekara sai kunji a rediyo ƴan kwana-kwana sun ciro yara. Wannan ma kare kai ne.

Malamar Aji Biyu:

Na gode ƙwarai ƴan uwa, Allah ya saka da alheri ya raya mana zuri'a. Baba Hedimasta na bi shawararka, na samu shugabar mata ta SBMC ita ta shawo kan hedimasta, anyi taron ranar Asabar. Iyaye basu zo da yawa ba, mata sun fi, amma liman yazo kuma mai awara ta ba da labarin, wajen yayi tsit. Uban nan ma yazo, bai ce komai ba har aka tashi, da zai fita ya tsaya yace Malama a raba maza da mata dai, nace insha Allah. Baban yara kaga maganarku ɗaya.

Na gwada tambayar sunan uba, cikin yara 81 da suka zo ranar 29 ne kawai suka faɗi sunan daidai. Yanzu kullum kafin tara muna minti biyar, ni nake zama mai babur na ɗaura ɗankwali kamar hula nace zo babanka yana kira, su kuma su haɗa baki suce sai mun tambayi Malama, har ƴan aji uku suna leƙowa ta taga. Darasin al'aura na ɗauki matan, malamin Arabiyya ya ɗauki mazan a gindin darbejiya.

Maman Biyu, jiya bayan an tashi wani yaro ya ƙi fita, yana ta jan zaren jakarsa, sai yace Malama in na faɗa baza ki dake ni ba? Gabana ya faɗi na tuna ki. Ashe wasu ƴan aji shida ne suke tare shi a bayan banɗaki suna ƙwace masa naira 100 ɗinsa ta tara tun farkon zango, sunce in ya faɗa zasu jefa shi a masai, shi yasa baya zuwa banɗakin sai dai ya matse har gida. Na je na duba wajen, can ƙarshen makaranta ne inda katanga ta faɗi, ƙofar ma babu, kowa daga waje zai iya shigowa ba wanda ya gani. Ranar Litinin zan kai maganar ofis. Anti Nas dan Allah ki duba inbos na turo miki saƙo, akwai wata yarinya a layin baya da nake so na tambaye ki a kanta.